Tsokar da Yaya Ya So Ya Yanka

Shekarar da gwamnati ta hana ɗaukar nama a kan okada, ta ce sai dai a motar sanyi, ni da yayana muna da teburin nama a Agege. Motar sanyi ta manyan dillalai ce, mu kuwa da cinya biyu muke cin kasuwa. Sai muka ci gaba da ɗaukowa daga mayanka a kan babur yadda muka saba.

Wata safiya jami'ai suka tare mu a bakin layin dogo. Yaya mahauci ne ɗan mahauci. A wurinsa, duk wanda ya zo maka da fushi, ka yankar masa tsoka mai kyau ya kai gida. Ya sauka yana murmushi, ya ce, "Oga, a yi haƙuri," ya zaro wuƙa daga ƙugu ya nufi cinyar.

Su wuƙar kawai suka gani. Ɗaya ya sauke masa gindin bindiga a baki, haƙora suka zubo. Da ya faɗi suka tattake hannun damansa, har na ji ƙashin ya ce ƙas. Ina ihu da Yarbanci cewa nama zai ba su, wani ya shaƙe ni ya buga kaina da kwalta.

Suka jefa babur da naman a bayan mota. An ce don tsafta aka kafa dokar, amma motar tasu ko rufi babu, ƙudaje na biye da ita.

Har yau Yaya da hagu yake cin tuwo.