Inna Tana Tambayar Murhu

Shekarar da na gama sakandare, ina zaune a gida a Badarawa ina jiran sakamako, Inna ta shiga ajin yaƙi da jahilci a wata cibiyar mata da ke Malali. Keken ɗinki ne ya kai ta. Dokar wurin ita ce sai mace ta ci jarrabawar Turanci ta baka kafin ta wuce ajin ɗinki. Wadda ta faɗi sai ta maimaita shekara.

Ni ce 'yar farinta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Waccan" take ce mini, in kuma aike ne sai ta faɗe shi a iska, ni in tsinta. Haka aka rene ta a ƙauyensu na ƙasar Katsina, ban kuma taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba. To ga Turanci ya tsaya mata a wuya, ga mai Turanci a gida, amma kunya ba za ta bar ta ta zauna gabana da littafi ba.

Wata yamma tana tankaɗe kusa da murhu, ni ina bakin ƙofa ina kallon tattabarun maƙwabta suna sauka kan kwano, sai na ji ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Oh ni! Ka ce I have, a ce ka yi daidai. Ka ce she have, a ce ka ɓata. Abu ɗaya, suna biyu."

Na gane da ni ake. Na jawo littafina, na buɗe inda hannuna ya faɗa, na soma karatu da ƙarfi kamar mai bita: "Ni, mu, ku, su, duk have. Shi ko ita, has." Rariya ta tsaya cak, sannan ta ci gaba.

Haka muka ci daminar nan. Ita ta tambayi murhu, ni in amsa wa tattabaru. Ta tambayi abin da mutum ya mallaka jiya, na karanto mata had. Wata rana ana yayyafi ta ce, "Wai shi has ɗin nan, da an zo tambaya ina yake gudu?" Na daɗe ina tunani kafin na ce wa littafina does ce take karɓar goyon, shi ya sa have take miƙewa ta koma yadda take. Na ji ta yi 'yar dariya can ƙasa.

Maƙwabciyarmu Maman 'yan biyu, 'yar kudancin Kaduna ce, ajinsu ɗaya. Ita ta fara gano mu, wata rana da ta shigo tana tsinke zogale.

"Kai, ku dai! Uwa na hira da toka, 'ya na hira da tsuntsu. Ku juyo ku kalli juna mana, ba cizo."

"Ke dai ji da zogalenki," in ji Inna.

Labarin ranar jarrabawa ma daga bakin Maman 'yan biyu na ji. Mai tambayar wani saurayi ne ɗan bautar ƙasa, baƙo a Arewa. Ya tambayi Inna yawan 'ya'yanta, ta amsa tsaf. Sai ya ce ta faɗi sunan ta farin. Inna ta sunkuyar da kai. Ya maimaita a hankali, a zatonsa ba ta fahimta ba, har ya ɗaga biro zai ja layi. Maman 'yan biyu ta miƙe.

"Malam, ba a tambayar wannan a nan. Ko kwana za ku yi ba za ta faɗa ba. Sake wata."

Ya dubi matan, duk suna gyaɗa kai. Ya ce to, yarinyar tana da aiki? Inna ta gyara lulluɓi ta ce, "No. She has many books. She has no husband."

Aji ya kwashe da dariya, har shi malamin. Ta wuce.

Da ta dawo ba ta ce mini komai ba, ni ma sannu da zuwa kawai na yi mata. Sai bayan wata biyu, ina kwance kan tabarma, na ji an jefo wani abu kusa da ƙafata. Atamfa ce shuɗiya daga Babbar Kasuwa, da ƙamshin sabunta.

"Maman 'yan biyu," Inna ta ƙwala kira ta kan katanga, "zo ki auna mini waccan."