Dokin da Ya Rufa Mana Asiri

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku. Wannan ba ta gizo ba ce, ba ta ƙoƙi ba. Da idona na gani, kuma da bakina na yi ɓarnar da ke ciki.

Muna zaune a Samaru a lokacin, shekarun da wayar hannu ta fara shigowa gari. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, yana da doki guda, akawal, baƙi wuluk, wanda yake bayarwa haya idan ana hawan angwanci. Ni ke jiƙa masa dusa da kanwa, ni ke share turke, amma a wurinsa ni 'yar aiki ce kawai. Takun Malam zai ji daga zaure ya hau haniniya.

Malam yana da farfaɗiya. Kun san mutanenmu: in aka ce gidan wane akwai ta, ba mai cin abinci a kwanonku, ba mai neman 'yarku. Shekara da shekaru ba wanda ya sani sai ni, sai dokin nan. Kafin ciwon ya taso, shi yake fara ji. Sai ya coge, ya ƙi gaba ya ƙi baya, jikinsa na ɓari, har Malam ya sauka ya nemi gefe ya kwanta. Sannan ya tsaya a kansa, ƙafa huɗu kamar rumfa, har ya farfaɗo.

A shekarar an sa ranar autarmu da wani ɗan mutunci daga ƙauyen Jama'a. Tana sonsa, yana sonta, saura sati uku.

Wata Asabar da hantsi Malam ya hau, zai kai dokin Sabon Gari gidan wani ango. Ni kuma na biyo baya a bas da galan na man gyaɗa. Muna isa Palladan hanya ta cushe. Direba ya leƙa ya ce, "Kai! Doki ne ya haukace, yana tattake mai shi!"

Ban san sa'ad da na diro ba.

Malam na kwance a bakin kwalta yana shure-shure, akawal na tsaye a kansa. Wani ɗan acaɓa, don Allah ya yi, ya kama ƙafar Malam zai janye shi. Dokin ya cafki kafaɗarsa da haƙori, ya ɗaga shi ya yar. Har ƙarar ƙashin na ji. Wani ya zagayo ta baya da gora, ya sha harbi a muƙamuƙi, haƙoransa suka zube a ƙasa kamar masara.

Shi ke nan fa. Duwatsu, guntayen bulo, har itacen mai shayi. "Ku kashe shi! Ya ci mutum!" Dutse ya fasa wa dokin ido. Jininsa na bin wuya yana ɗiga a rigar Malam, jama'a na cewa na Malam ne. Da gudu yake so, hanya a buɗe take har Samaru. Bai matsa ba, kuma ko sau ɗaya bai taka Malam ba.

Na kutsa. Ni bai cije ni ba, sai ya sunkuyo ya hura mini numfashi mai zafi a wuya. Na durƙusa ƙarƙashin cikinsa, na ga kumfa a bakin Malam, na yi maza na goge da gefen mayafi.

Wata malamar asibiti mai farin kaya, da gicciye a wuyanta, ta tsuguna daga ɗan nesa ta ce, "Mama, mijinki ne? Yana da wani ciwo? Ni dai gani nake gadinsa dabbar nan take yi. In ciwo ne ki faɗa, in hana su."

Na ɗaga kai. A cikin taron na hango ƙanin uban yaron da zai auri 'yata, riƙe da kekensa, ya zuba mini ido.

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau. Doki ne ya kayar da shi."

"Mama, kin tabbata?"

"Shi ya kayar da shi."

Wani bakanike ya zo da rodi ya zabga wa ƙafar gaba. Ta karye, ƙashi ya huda fata. Dokin ya yi wata ƙara da ban taɓa jin dabba ta yi ba. A kanmu ya kamata ya faɗo. Sai ya yunƙura da ƙafa uku, ya jefa kansa gefe cikin kwata. Can mahauci ya bi shi da wuƙa.

A asibiti Malam ya dawo hayyacinsa. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an ba akawal ruwa. Na gaya masa duka, har maganar da na yi. Ya ce, "Kin yi daidai," ya juya fuskarsa ga bango. Bai sake ta da zancen ba.

An yi biki lafiya. Autar tana Jama'a har yau da 'ya'ya biyar, ba mai ciwon ko ɗaya. Ɗan acaɓan hannunsa ya shanye, ya koma sayar da rake a unguwar PZ. In na wuce sai ya ce, "Baba, ya jikin mutumin da na ceta?" in ce Allah ya saka da alheri. Mai gorar da malamar asibitin ban sake ganinsu ba. Malam bai ƙara sayen doki ba, keke ya koma hawa. Bayan shekara biyu ciwon ya tasar masa a kan keken, a hanyar Sabon Gari, tirela na biye da shi. Ni kuwa ga ni nan a Samaru, ido ya fara tafiya, kuma ban da Malam, ku ne na farko da kuka ji wannan daga bakina.