Gaisuwar da Ta Tona Ajimi

Ajimi mai kanwa na kasuwar Guci harshe shida yake ji, amma ɗaya kaɗai yake bari a sani. Barbarci ya sha a nono, Hausa a wurin ubansa, Fillanci a bayan shanu. Sauran ukun, Bambaranci da yaren Dakar da guntun Faransanci, a soja ya kwaso su, kafin ya tsere daga barikin Kati ya dawo gida a ƙafa. Wanda ya gudu daga sojan Faransa kuwa, in an kama shi, sai ta Allah. Shi ya sa ko kumandan Faransa na yankin ya yi tsawa da Faransanci, Ajimi baki yake saki kamar baƙauye.

Shekarar da yaƙin Jamus ya sa aka matsa ɗibar soja, gardi biyu, wato dogaran Faransa, suka tsaya rumfarsa sayen kanwar dawakai. Suna zaɓa suna hira da Bambaranci, ba su ɗauke shi bakin komi ba. Kasuwa mai zuwa, in ji su, za a zagaye ta a kwashe samari. Halilu, ɗansa tilo, a lokacin ya fara gemu.

Ajimi ya auna musu kanwa. Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Ɗela, ita ta kai maganar bakin rijiya.

Ranar kasuwa gardi suka zo, ba saurayi ko ɗaya, duk sun tsallaka iyaka zuwa ƙasar Ingilishi. Sarjansu, wani Babambare mai furfura, ba wawa ba ne. Ya san a rumfuna maganar ta fita. Ya jera masu rumfa a rana.

Ajimi ya shirya wa bulala, ya shirya wa zagi, ya yi rantsuwa a ransa ko uwarsa aka ambata ba zai motsa ba. Sarjan bai zagi kowa ba. Bi yake ɗaya bayan ɗaya yana miƙa hannu, yana gaisuwa da harshensa cikin ladabi, mutane na kallonsa ba su gane ba. Ya iso gaban Ajimi.

"I ni ce," ya ce, wato sannu.

"Nba," bakin Ajimi ya amsa, kafin hankalinsa ya iso.

Har gobe abin na ci mini rai. Mutumin da tun yana ƙarami aka hore shi kada ya bar gaisuwa a ƙasa, da ita aka kama shi.

"Ɗela," ya ce ana ɗaure shi, "ki gaya ma yaron nan kar ya komo."

Halilu ya ji magana, ya tsufa a wajen Gumel. Ajimi ba a sake ganinsa ba.