Ki Ce Wi

Duk wanda ya taɓa sauka bakin ruwa a Yelwa da mataccen inji ya san Lawali makanike. Rumfarsa ce ta uku idan ka wuce masu bandar kifi, inda aka jera injinan jirgi a jikin katako, farfelarsu na kallon ƙasa. Mutumin Wara ne a ƙasar Ngaski, ɗan masunta, amma tun yana saurayi ya ga ya fi gane ciwon inji da halin kifi. Yanzu ba ya da yawan magana. Waɗanda suka san shi da can sun ce shi ne mai labarin rumfa, mutum ya kawo gyara ya manta da abin da ya kawo shi.

Akwai maganar da ya riƙe shekara biyu bai faɗa wa matarsa Safiya ba. A kan babur aka yi ta, ba ta kai minti biyu ba, kuma daga shi sai ɗiyarsu Zulai'atu.

A shekarar da ta biyo bayan sace ɗaliban Birnin Yauri, wasu masuntan da yake yi wa gyara suka haura ruwa zuwa Malanbil, a ƙasar Benin. Inda inji ya je makanike na biye da shi, don haka ya kwashi Safiya da Zulai'atu mai shekara bakwai da Fatima da ke goye, suka kama ɗaki kusa da kasuwa. Dama Zulai'atu ta fara aji ɗaya a Yelwa, sai Safiya ta cire ta saboda tsoro. Abin ya daɗe yana cin Lawali, shi da ya tsaya a aji huɗu. Da damina ta ja baya aka buɗe makarantu, ya ce a nan kam za ta yi karatu, tunda ba wanda zai zo ya ɗauke ta.

Shamsuddeen ne ya raka shi sa ta a makaranta. Mai fataucin busasshen kifi ne, ɗan Gaya da ke tsallaken kogi, yana jin Faransanci. Da shugaban makarantar ya tambayi sunan yarinya, Lawali ya sunkuyar da kai ya bar Shamsuddeen ya faɗa, don 'yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta da bakinsa ba. "Ke" yake ce mata. Aka ɗinka mata rigar kaki, aka saya mata ɗan baƙin allo da alli.

Ranar farko, a hanya, ta ja masa riga ta baya.

"Baba, in sun yi mini magana mi zan ce?"

"Ki yi shiru ki saurara."

"In an tambaye ni fa?"

Faransancin Lawali bai wuce kalma biyar ba, duk a bakin ruwa ya tsince su. Ya zaɓi wadda ya ga ta fi raba shi da jandarmomi, 'yan sandan can, lafiya.

"Ki ce wi."

"Mine ne wi?"

"Kamar na'am ne, kamar to. Duk abin da malama ta ce, ki ce wi, ki zauna lafiya."

Ta gwada shi sau uku a bayansa, ta ce kamar kukan ɗan tsako. Suka yi dariya tare har ƙofar makaranta.

Malamar ajin 'yar kudu ce, daga wajen Kwatano aka turo ta, ba ta jin Hausa ba ta jin Dendanci, yaren garin. Kuma dokarta ce duk wanda aka ji yana yaren gida a aji ya durƙusa. Saboda haka yarinyar da ke zaune kusa da Zulai'atu, wadda ke jin Hausa sarai, ba ta iya taimaka mata sai an fita tara. Kwana biyu wi ya yi aiki. Kin gane? Wi. Kin ci abinci? Wi. Malamar har ta shafa mata kai.

A rana ta uku aka tarar an yage wani littafi. Malamar ta bi layi tana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, kowa na girgiza kai. Da ta iso kan Zulai'atu, sai yarinyar ta miƙe tsaye, ta naɗe hannu yadda aka koya mata a Yelwa, ta ce wi. Ta sha bulala biyar a tafin hannu, ta yi durƙuso har aka tashi, ba ta san laifinta ba sai da abokiyar zamanta ta gaya mata a hanya.

Lawali ya kai labarin bakin ruwa da yamma. Ya iya ba da labari, har naɗe hannun ya kwaikwaya. Abu ɗaya ya cire, wato wanda ya koya mata.

"Kai Lawali, wagga ɗiya taka ta fi mu wayo," in ji Zulkiflu, wani masunci da ke jiran injinsa. "Gobe in jandarma ya tare mu, ita za mu tura gaba."

"Ku dai tura ta," wani ya ce. "A ce ke kika saci jirgin nan, ta ce wi, mu kuma mu wuce gida."

Aka kwashe da dariya, aka raɗa mata suna Madam Wi. Lawali ya fi kowa dariya.

Washegari suka hau babur. Sai da suka wuce masu sayar da albasa ta matso da bakinta kusa da kunnensa.

"Baba, yaya ake cewa a'a?"

Ya san kalmar. Tana cikin biyar ɗin da ya sani, gajeriya ce, ko numfashi ɗaya ba ta ci. Amma a lokacin wata amalanke ta tare hanya, ga wani inji da ya ƙi tashi tun jiya yana jiransa, kuma ya ji tambayar kamar ana tuhumarsa.

"A'a? Ga malama? Wa ya koya miki hakan? Yaro ba ya ce wa malami a'a."

"To, Baba."

Ya sauke ta, ya juya babur. Wannan ce maganar.

Litinin ta mako na biyu ta tashi da ciwon kai. Safiya ta taɓa goshinta ta ce da ɗan ɗumi, ta ba ta rabin farasitamol, ta ce ko a bar ta yau. Lawali ya ce tsoron bulala ne, idan aka bar ta yau gobe ma haka za ta yi. A kan babur ta kwantar da kanta a bayansa, ya ji zafin jikinta ya ratsa rigarsa. Ya ce wa kansa rana ce.

Da aka tashi cin abincin rana, yara suka fita, ita ba ta ɗaga kai daga tebur ba. Kafin a aiko bakin ruwa, kafin a kai ta asibiti, ta fara fizge-fizge. Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai. Ta rasu ranar Laraba da la'asar. Ba wanda zai iya rantsewa cewa da an kai ta da safe za ta tashi. Likitan ma bai ce haka ba, ya dai tambayi tun yaushe, aka gaya masa, ya rubuta.

Malamar ta zo ta'aziyya ranar uku, ta yafa gyale a kai saboda gidan Musulmi ne, Shamsuddeen na fassara mata. Idonta ya kumbura. Ta ce ta ga yarinyar ta kifa kai, ta je ta tambaye ta ko lafiya, ta ce wi. Ta sake komawa ta tambaye ta ko za ta iya zama har a tashi, ta ce wi. Sau uku ta tambaya.

Safiya, wadda tun ranar Laraba ba a ji muryarta ba, ta ɗago daga cikin mata.

"Gaya mata ba ta da hannu ne? Yarinya na ci kamar wuta, sai tambaya? Gaya mata Allah ya isa tsakanina da ita."

Shamsuddeen bai fassara ba, kuma ba a buƙaci fassara ba. Malamar ta durƙusa tana kuka, tana maimaita wata kalma da Lawali ya gane, ita ma tana cikin biyar ɗinsa, ta neman gafara ce. Yana tsaye a bakin ƙofa, taku huɗu tsakaninsu. Ya buɗe baki, sai ya ga mutanen bakin ruwa zaune a kan tabarma, waɗanda suka yi dariyar nan da shi. Ya ce Allah ya ba da lada, ya raka ta waje.

Bayan arba'in suka dawo Yelwa. Ya sake buɗe rumfarsa, aiki ya dawo, don hannunsa bai canja ba. Mutane suka ce rashin ne ya sa shi shiru, kuma rabin gaskiya ne. Duk lokacin da aka ambaci Malanbil a gida, Safiya takan ce Allah ya saka mata a kan matar nan, shi kuma ya tashi ya fita alwala.

Wata Juma'a da hantsi, Fatima ta kai shekara uku, Safiya na fama da ita a tsakar gida a kan wanka. Yarinyar ta ƙanƙame turmi tana ihu, a'a, a'a. Safiya ta ɗaga hannu, Lawali ya riƙe mata wuyan hannu, abin da bai taɓa yi ba. Ta kalle shi. Ya sake ta, ya zauna a kan turmin, ya faɗa mata duka, har amalanken da masu albasa, kansa a ƙasa.

Safiya ta gama yi wa Fatima wanka tukuna. Ta goge ta, ta sa mata riga, ta tura ta maƙwabta.

"Ni na turo marigayiyar gare ka, Baban Fatima," ta ce. "Ni ta fara tambaya, ranar da aka dake ta. Na ce ban sani ba, ta tambayi babanta. Da ta dawo na ce mi ya ce miki? Ta ce Baba ya ce ba a ce wa malami a'a. Na ce to, babanki ya fi mu sani."

Ya ɗago kansa.

"Kin sani, kika yi wa matar nan Allah ya isa a gaban mutane?"

"Kai kake so in yi wa a gaban mutane? Ko ni da na taɓa goshinta na sa mata riga?" Ta zubar da ruwan wankan a kwata. "Ita baƙuwa ce. Na san ba zan sake ganinta ba."

Can aka kira sallah. Da ya ɗauki hularsa zai fita masallaci, ta ce masa daga bakin murhu, ba ta juyo ba, idan an sauko ya kira Shamsuddeen a waya, ya ce ya je makarantar ya gaya wa matar ba ita ce mai laifi ba. Ya gaya mata su ne.

Ya kira. Shamsuddeen ya je ranar Litinin, ya tarar ta nemi canjin wurin aiki tun ƙarshen shekarar da abin ya faru, ta koma kudu. Shugaban makarantar ma sabo ne, bai san garin da aka kai ta ba. Shamsuddeen ya ce zai tambayi direbobin Kwatano, ko akwai wanda ya san danginta.

Wata bakwai ke nan. Lawali yakan kira shi duk ranar da kasuwar Malanbil ta ci, bayan sun gama gaisuwa ya tambaya ko an dace. Har yanzu ba a same ta ba.