Ɗan Mai Ƙuli da Ba Ya Cin Gyaɗa

Badaruddeen taubashina ne, ɗan Gwaggo Laure mai ƙuli ta Rogo Ruma, saboda haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa, shi kuma ba shi da damar yin fushi. A tashar babura ta Rogo, inda yake acaɓa, Badaru ake ce masa. In baƙo ya zo nemansa ba a wahala wajen kwatance, sai a ce ya duba wanda ya sunkuya a kan madubin babur yana matsar fuska. Sauran 'yan acaɓa da madubi suke ganin motar da ke tahowa a baya. Nasa na duba abin da ya fito a goshi ne.

Ƙurajen sun soma masa tun yana balaga, kamar yadda suka yi wa kowa a cikinmu. Mu namu sun yi zamaninsu sun tafi. Nasa suka ga wuri ya yi musu, suka zauna. Wata rana Barau wanzami yana yi masa aski, sai ya ɗaga masa haɓa, ya juya fuskar dama da hagu, ya yanke hukunci cewa maiƙon gyaɗa ne ya cika masa jini har yake neman hanyar fita. Yaron da ya tashi a gindin kaskon suya, in ji Barau, me ake jira ya fito masa? Babu wanda ya yi gardama, don Barau ne ya yi wa rabin mazan garin kaciya, kuma ba a ja da mutumin da ke riƙe da aska.

Daga ranar Badaru ya yi sallama da gyaɗa. A ƙasar Rogo fa, inda gyaɗa take cikin kunu, take cikin miya, take jikin tsire, take aljihun kowane tsoho. Ya bar ƙuli, ya bar kunun gyaɗa ko da azumi ne, in an yi kwaɗon zogale sai a ɗibar masa nasa kafin a zuba garin ƙuli, ya zauna yana taunar ganye kamar akuya. Abin dariya, shi ne kuma mai noma wa uwarsa gyaɗar, ya cire, ya ɓare, ya ɗauko buhu a babur. Na sha cin ƙuli a gabansa da gangan, ina gurguza da ƙarfi, don in ga ko zai karaya. Bai taɓa ba. Ta wannan fuskar kam na sara masa.

Wadda maganar Barau ta fi yi wa illa ita ce Gwaggo. Badaru ɗan farinta ne, ita kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari: ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, in ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon murhu. "Yaron nan" take ce masa har ya yi gemu. To ga shi an ce sana'ar da ta ciyar da shi ita ce ta ɓata masa fuska. Ba ta da bakin ba shi haƙuri, ba ta da halin barin suya. Sai ta samo hanyarta. Duk ranar da ta matsa tunkuza, man farko da ya taso, garai-garai, wanda ba a soya komai a ciki ba, shi take tarewa a wata 'yar kwalba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in ya zo gaisuwa, sai ta turo kwalbar gefen tabarma ba tare da ta waiwayo ba, ta ce a riƙa shafawa safe da yamma, yana tausasa fata.

Wato an hana gyaɗa shiga ta baki, an buɗe mata ƙofa ta fuska. Kada a tambaye ni yadda gari guda ya kasa ganin wannan. Ni ma ina cikin garin.

Haka ya yi shekaru. Da safe ya goge fuska da soso da sabulun wanki har ta yi ja, ya laɓta man Gwaggo, ya hau babur ya bi hanyar Rogo zuwa Karaye, ƙurar hanya da zufa su haɗu da man su yi masa ɗamara. In babu fasinja ya koma madubi. Duk ƙurjin da ya matse sai ya bar baƙin tabo, wani ya fito a gefensa. Shi kuma sai ya zargi kansa, ya ce wataƙila mai abincin tasha ta yi miya da man gyaɗa bai sani ba, ya ƙara tsananta wa cikinsa.

Akwai lokacin da wani mai kemis a kasuwa ya haɗa masa man shafawa kala uku a roba guda. Kafin mako ya zagayo fuska ta yi sumul, har ta yi haske, muka riƙa ce masa Balarabe. Da robar ta ƙare, ƙurajen suka dawo da 'yan uwansu da maƙwabtansu. Ya je ya durƙusa gaban Gwaggo ya amsa laifin barin man nata. Ita kuwa ta cika kwalbar wannan makon har wuya.

Ya auri Siddiqa da fuskar tasa, ta kuma zauna da shi lafiya, sai dai ta yi shekaru tana girki tukunya biyu kamar mai jinya.

Abin da ya kai shi asibiti wani ƙurji ne a muƙamuƙi da ya matsa ya ƙi fashewa, ya kumbura har hular kwano ta daina shiga. Ni na kai shi Karaye a babur ɗinsa, shi a baya. Likitar da muka samu, wata mai fara'a, ta duba kumburin, ta shafa goshinsa da yatsa ta kalli yatsan, sannan ta tambaye shi me yake shafawa. Ya faɗa mata da alfahari, har da bayanin cewa na farko ne, ba a soya komai a ciki ba. Ya ƙara da cewa rabonsa da cin gyaɗa tun yana saurayi.

Ta yi ƙoƙari ba ta yi dariya ba. Ni ban yi wannan ƙoƙarin ba.

Ta yi masa bayani a hankali. Fatarsa mai yawan maiƙo ce, halitta ce, wasu gado suke yi. Maiƙon da dattin fata su ke toshe ƙananan ƙofofin da gashi ke fitowa, sai wurin ya kumbura. Duk mai mai kauri da aka ɗora a kai ƙara toshewa yake yi, gurzar soso tana fusata fata, matsa kuma cikin jiki take tura ƙazantar ta bar tabo. Man mai kemis kuwa irin wanda ke kwantar da abu ne na ɗan lokaci, a daina ya taso da ƙarfi. Ta rubuta masa ƙwayoyi na ɗan lokaci da wani man shafawa da za a sa kaɗan, ta ce ya wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar kaifi, da hannu kawai, ya cire yatsunsa daga madubi, ya yi haƙurin wata biyu ko uku kafin ya ce bai ga aiki ba, kuma kada ya watsar da maganin don ya ga fuska ta washe.

Ya ce, "Gyaɗar fa?"

Ta ce, "Ka ci abarka daidai misali. A fuska dai ka daina ba ta masauki."

A hanyar dawowa na shirya masa tsiya iri-iri, amma ko ɗaya ban yi ba. Sai da muka kusa gida ya ce in na faɗa wa Gwaggo, ba ni ba shi. Matar da ta yi shekaru tana ganin kaskonta ne ya cuce shi, yanzu a ce mata maganin da ta ba shi da hannunta shi ne cutar? Ya ce gara ƙurajen. Na ji tausayinsa ƙwarai, ita ma na ji nata.

Saboda haka ya ci gaba da zuwa ranar Juma'a, yana karɓar kwalba da hannu biyu yana godiya. A gida Siddiqa ta koma girki tukunya ɗaya, man kuma ya koma kan garau-garau da ɗanwake. Sannu a hankali fuska ta lafa. Tabon da ya yi wa kansa yana nan, wani sa'in ɗaya ko biyu su leƙo, amma madubin babur ya soma ganin motoci. Gwaggo kuwa ta cika unguwa da labarin cewa man nata ya yi aiki daga ƙarshe, abin haƙuri yake so. Har mata suka soma aiko da kwalabe. A nan ne hankalin Badaru ya tashi, don ya ga fuskokin 'ya'yan mutane za su shiga layi.

Bai kai ga yanke shawara ba aka yanke masa. Wata rana da azahar Gwaggo ta biyo ta gidansa daga barka, ta yi sallama ta shiga. Ta tarar da shi a tabarma, kwanon ɗanwake a gaba, Siddiqa na tsiyaya mai daga kwalbar da Gwaggo ta fi kowa sani. Badaru ya tsaya da loma a hannu. Siddiqa ce ta yi ƙarfin hali ta zayyana abin da likita ta ce, tana yi tana sunkuyar da kai. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ɗauki takalmanta. Washegari ta mayar wa matan unguwa kwalabensu, ta ce na miya kawai take sayarwa.

Juma'ar da ta biyo, sai da ya roƙe ni na raka shi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon murhu kamar kullum. Kwalba tana gefen tabarma. Ya miƙa hannu zai ɗauka, sai ta janyo wani kwano a rufe daga bayanta ta tura gabansa. Ƙuli ne, sabon suya, da ɗuminsa, irin siraran da take yi wa jikoki.

"Ba na tafiya da shi ba ne," in ji ta. "Shekara nawa ina soya wa 'ya'yan mutane. Ci a nan."

Ya ɗauki ɗaya ya sa a baki. Na kai hannu ni ma, ta buge min shi da mafici ba tare da ta dube ni ba. Idonta yana kan fuskarsa, a fili, a gabana, ba ta kuma ɗauke ba har ya ga ƙasan kwanon.