Notin da Mujtaba Ya Ɗaure

Malam Labbo ɗan Gulma ne. Ya karanta aikin gona a jami'a, ya yi shekara talatin da biyu yana auna ruwan fadama wa gwamnati, sannan ya yi ritaya ya zauna a Gwadangaji da matarsa Fadimatu. Abokan aikinsa sun san shi da abu guda: bai taɓa kai motarsa wurin bakanike don juyen baƙin mai ba. Shi yake shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin tsohuwar Fijo ɗinsa, ya kwance notin da ke toshe kaskon mai a ƙasan inji, ya tara roba, ya jira man ya tsiyaye.

Da gwiwoyinsa suka fara ciwo, ɗansa Mujtaba ya karɓi aikin. Mujtaba malamin lissafi ne a wata sakandare. Juyen da ya yi na ƙarshe, ya fito daga ƙarƙashin motar yana goge hannu, ya ce, "Baba, notin nan ya gaji, ya fara ɗiga. Juye na gaba sai mu sa sabo." Bayan sati biyar zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana tara ya yi a asibiti, ya rasu. Yana da shekara ashirin da bakwai.

Labbo ya ci gaba da zuwa gonarsa ta shinkafa a Gulma kowace Asabar. Kullum da safe yakan ga ɗigon mai a kan yashi, sai ya buɗe bonet ya ƙara kaɗan daga sama. Ƙasan kuwa bai taɓa shi ba. A duk gidan an wanke abin wankewa, an raba tufafin mamaci, makaranta ta karɓi littattafanta. Notin nan kaɗai ya rage yadda hannun Mujtaba ya bar shi. Bai faɗa wa kowa haka ba, har Fadimatu.

Wata goma sha ɗaya da juyen ƙarshe ana haka. Man ya yi kauri, injin ya soma wata ƙara idan ya yi zafi. Labbo ya san abin da ƙarar take nufi. In injin ya buga, motar ta ƙare, zuwa Gulma kuma ya ƙare, don gwiwarsa ba ta ɗaukar motar haya.

Wata Asabar ya tsaya a Argungu, shagon Tamba mai sayar da notuna da ƙananan kayan mota, wanda suka san juna tun suna samari.

"Malam Labbo, tun daga kwana na ji ta," in ji Tamba. "Wagga ba Fijo ba ta, injin niƙa na. Yaushe rabonka da juye?"

"An kusa shekara."

"Kai da kake yi muna wa'azin juye? Kashe ta za ka yi." Sai Tamba ya tuna gaisuwar rasuwar da ya je gidan Labbo bara, ya sunkuyar da kai yana laluben gwangwanin notuna.

Ya jera guda uku a kan tebur. Na farko ƙarfe ne zalla. Na biyu da maganaɗisu a bakinsa, mai kama ɓurɓushin ƙarfen da ke yawo cikin mai. Na uku ya ɗan fi kauri, ana sa shi idan haƙoran kaskon sun cinye.

"Ka zo da tsohon mu gwada?"

"Yana jikin mota."

"To a kwance shi nan mana, minti goma na."

"A'a. Gida zan yi."

Labbo ya faɗi kaurin notin da tazarar haƙoransa daga kansa, ya ture mai kaurin gefe, ya ce kaskon lafiyarsa ƙalau, ba a taɓa matse shi da ƙarfi ba. Ya ɗauki mai maganaɗisun, tunda injin ya sha wahala. Ya nemi washa ta jan ƙarfe, zoben da ake sa wa notin don ya hana ɗiga, ya juya ta a haske, ya mayar da biyu kafin ya yarda da ta uku.

Washegari da hantsi ya tayar da motar ta ɗan yi ɗumi, ya kashe, ya shimfiɗa buhu. Shigarsa ƙarƙashi ta ɗauki lokaci. Ya sa sufana a kan notin, ya daɗe riƙe da ita bai ja ba. Fadimatu ta fito da tsintsiya, ta ga ƙafafunsa a waje, ta jingina tsintsiyar ta zauna a dakali.

"Malam, in kira Zayyanu maƙwabci ya taya ka?"

"Bari. Zan iya."

Ya yi bismilla ya ja. Notin ya ɗan yi gardama, sannan ya saki. Ya ƙarasa da yatsu. Man ya zubo baƙi ƙirin, a hankali, da kyar yake gudu. Labbo ya kwanta rigingine da tsohon notin a tafin hannunsa, da ɗumi, ya jira har ɗigon ƙarshe.

Ya goge bakin kaskon da tsumma, ya sa washar a sabon notin, ya murɗa shi da yatsu har ya zauna, ya ƙara masa kaɗan da sufana. Da ya fito, gefen fuskarsa duk yashi ne. Fadimatu ta miƙo masa hannu ya tashi, sannan ta riƙe masa mazurari ya zuba sabon mai.