Ranar da na kira sunan ɗiyata ta fari

A lokacin ni mai suyar kifi ce a bakin tafkin Madarumfa, kuma in ana lissafin mata masu kunya a unguwarmu, da ni ake farawa. Ɗiyata ta fari ban taɓa faɗin sunanta ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. Tun yaye take ɗakin uwar mijina. Ana yabona, ni kuma kaina na ƙara girma.

Tana shekara tara ta soma ramewa, ga shan ruwa ba ƙoshi. A asibitin Maraɗi aka ce ciwon sukari ne. Likita ya ba mu allura da ɗan abin awo, ya ce ni da ita za mu riƙa aunawa tare, kuma in aka yi allura kada abinci ya yi jinkiri. Na amsa da to, amma da muka dawo gida sai na miƙa wa kakarta komai. Tsohuwa ba ta ganin lamba, mahaifinta yana ci-rani a Najeriya, ni kuwa sai in laɓe bayan zana ina sauraron abin da yarinya za ta karanta.

Rannan muka je bikin suna a garin Safo. An yi mata allura, tuwo bai sauka ba. Ina cikin mata na hango ta tsaye jikin amalanke, gumi na zuba, hannunta na rawa, ta zuba mini ido. Ba ta iso gare ni ba, don ni na koya mata kada ta matso ni cikin mutane. Da ta sulale ƙasa wasu suka ce iska ce, a kawo turare. Ban san sadda na ƙwala kiran sunanta ba, gaban surukaina da kowa. Na ɗora ta a cinya, na ga tana iya haɗiya, na tuna likita ya ce in sukarin jininta ya faɗi a ba ta abu mai zaƙi, na jiƙa sukarin da aka aje don kunu na ɗura mata har idonta ya dawo daidai.

Kafin mu bar garin labarin ya riga mu gida, wai na zubar da mutuncina. Wata ƙanwar mijina ta ce ko ƴan boko ba su yi wannan rashin ta-ido ba. Na ce mata ta riƙe tata kunyar, ni ɗiya na haifa. Yanzu kullum safe tabarmarmu ɗaya, ita ta soki yatsa, ni in karanta, mu faɗa wa mahaifinta ta salula. In ta ji jiri, ko gaban limami ne ta zo ta kama zanena.

Abin da har gobe yake ci mini rai shi ne maganar da ta yi mini daga baya. Ta ce ta ji ana kiranta a ranar, amma ba ta gane mai kiran ba, don ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba. Ƴan uwana mata, al'ada tamu ce, ban raina ta ba. Amma in ɗanki na fari yana da wannan ciwo, ki zauna kusa da shi, ki san awonsa, ki kira shi da sunansa. Masu yabon kunyata suna wurin a ranar, turare suka tafi nema.